Cikin Fiffiken Jirgin Dakon Mai

Kwanana tara a Makka aka miƙo mini igama, katin da baƙo yake zaman ƙasar da shi. Larabcina na makarantar Islamiyya ne, bai taka kara ya karya ba, amma ya ishe ni in karanta abin da aka rubuta a gurbin sana'a: ma'aikacin tsafta. Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin tankuna da famfunan man jirgin sama a gida kafin in ajiye kaki, takardun shaidata kuma suna cikin wani jan ambulan da nake rungume da shi. Na nuna wa magatakardan ofishin kafilinmu, wato mutumin da ya ɗauko mu daga gida da sunansa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce takarda ce kawai, kowa haka ake rubuta masa, bayan wata uku za a gyara. Ya jefa fasfona a aljihun tebur ya murza makulli.

A Misfala aka sauke mu, hawa na huɗu na wani tsohon masaukin alhazai, mu takwas a ɗaki. Da wannan aka yaudare ni tun a Kaduna. Dalilin aikin ya ce mini a Makka zan zauna, salla biyar a Harami, aiki kuwa na jiragen soja ne irin wanda na ƙware a kai. Bai faɗa mini cewa wurin aikin yana can saman duwatsu ba, tafiyar awa ɗaya da rabi, mota ta ɗauke ku da an sallame asuba, ba ta dawo da ku sai magariba ta wuce.

Gadon da ke ƙasan nawa na wani ɗan Maraɗi ne, Idi, siriri kamar ni, mai yawan dariya. Injin ban ruwa yake gyarawa a garinsu, kuma ya riga ni zuwa da shekara guda. Ranar farko ya tsaya yana kallon kafaɗuna, ya ce ashe ni ma ɗan rami aka kawo musu. Na tambaye shi wane rami, ya ce in bari gobe idona ya gane mini.

Direban motarmu sunansa Bakur, Bahaushe ne haihuwar Makka, kakanninsa ne suka zo aikin hajji a ƙafa ba su koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Da ya ji ni sabo ne ya zaunar da ni kusa da shi, yana nuna mini birai a kan duwatsun gefen hanya. A ƙofar sansanin sojan da za mu yi aiki aka karɓe wayoyinmu, aka rataya mana kati a wuya. Da muka shiga rumfar jiragen na tsaya cak. Jirage uku ne manya, masu launin toka, an kafa musu matakala ko ta ina. Na dakon mai ne, waɗanda ke shayar da jiragen yaƙi a sararin sama ba tare da kowa ya sauka ba. Aikin da aka ba kamfanin da muke wa aiki shi ne a sabunta su: a sa sababbin famfuna, a ja sababbin bututai ta cikin fiffike, a rataya wata babbar tukunyar ƙarfe ƙarƙashin kowane fiffike, wadda tiyo ke fitowa daga cikinta da kwando a bakinsa, jirgin yaƙi ya matso ya soka hancinsa ya sha. A littafi kawai na taɓa ganin irin wannan. Gaskiya a wannan lokacin na manta da maganar igama, har na ji ina gode wa dalilin da ya kawo ni.

Shugaban sashenmu kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya, ban taɓa jin an kira sunansa ba. Na gaishe shi da Turanci, na miƙa masa ambulan ɗina. Bai buɗe ba. Ya ajiye shi a kan wata durom, ya kama kafaɗuna biyu ya auna da hannuwansa kamar mai tayin rago, sannan ya ja ni ƙarƙashin fiffike. Akwai wata kafa a wurin, faɗinta bai wuce na farantin tuwo babba ba. Ya nuna ta ya ce:

"Nan ne ofishinka."

Ga wanda bai sani ba, fiffiken jirgi shi ne tankin mansa. Ciki ɗakuna ne ƙanana a jere, tsakanin kowanne da na gaba akwai bangon ƙarfe mai huda a tsakiya, tsawon rufin bai kai mutum ya zauna ba. Kafin injiniyoyi su ja sabon bututu sai an kankare tsohon danƙon da ya toshe kowace ƙusa da kowace gaɓa, bayan sun gama kuma a shafa sabo. Mu ne masu kankarewa da shafawa. Za ka tuɓe agogo da zobe, ka sa farin yadi marar maɓalli, ka ɗaura takunkumi, ka tura hannu ɗaya da kai, ka murɗa kafaɗa, sannan ka ja cikinka kamar ƙadangare. Wuƙar roba ake ba ka don kada ƙarfe ya goga ƙarfe wuta ta tashi. Ɗaya na ciki, ɗaya na tsaye a bakin kafa yana kiran sunansa lokaci lokaci. Ni da Idi aka haɗa. In na shiga shi ke tsaro, in ya shiga ni ke tsaro.

A gida ma na san wannan aiki, amma yara sababbin ɗauka muke sawa, na awa ɗaya, ni ina waje riƙe da takardar dubawa. A nan awa uku ne kafin a fito da kai ka sha iska. Ina da shekara arba'in da shida. Gwiwoyina suka yi kanta, fatar hannuna ta dinga ɓarewa, komai na ci ɗanɗanon kananzir yake yi mini. Warin man nan kuwa ba ya jin sabulu. Wata Juma'a na yi wanka sau biyu, na sa sabuwar jallabiya, na tafi Harami da wuri na sami sahu mai kyau. Mutumin da ke damata ya shinshina, ya dube ni, ya ja gefen mayafinsa ya rufe hanci, can kuma ya naɗe dardumarsa ya koma gaba. Na zauna ina kallon Ka'aba, abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini, amma ba abin da nake tunani sai yadda zan matse jikina kada in dami na haguna.

In matata Rabi ta kira, ce mata nake aiki lafiya, ni ke duba famfunan jirgi. Takan ce 'yan unguwa na cewa in sa su a addu'a tunda kullum ina Harami. Sai in ce to.

Bakur ne ya lura da hannuwana. Wata Juma'ar ya zo da motarsa ya kwashe ni da Idi ya kai mu gidansu a Hindawiyya, wani lungu da mota ba ta shiga sai an ajiye ta a bakin titi. Mahaifiyarsa, Hajiya Sa'a, tsohuwa ce ta haura tamanin, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin cikin birnin Kano ce, da kalmomin da rabona da jin su tun kakata na raye. Jikokinta suka gaishe mu da Larabci suka wuce. Ta sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zauna tana tambayata ko har yanzu ana rini a inda mahaifinta ya ba ta labari. Da ta ga yadda nake kama loma da gefen yatsa, ta ce in miƙo hannun. Ta juya shi gaba da baya, ta aika aka ɗauko mata man kaɗe a wani gwangwanin madara, ta shafa mini da kanta, yatsa bayan yatsa.

"Wanda ya sa ka wannan shugul ɗin, ɗana, yana da uwa kuwa?" in ji ta.

Idi ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don rabon da wani ya taɓa ni ba don ya auna ni ba tun da na baro gida. Daga ranar kusan duk Juma'a can muke cin abincin rana.

A wata na biyar, ba a gyara igama ba, na ma daina tambaya. Injiniyoyi sun gama jan bututu a fiffiken dama na jirgi na farko, aka tura ni in shafa danƙo a rufe. A ɗaki na huɗu, inda ba wanda ke kaiwa sai irinmu, fitilata ta haska wani abu. Kowace gaɓar bututun mai akwai 'yar siririyar waya da ake ɗaura mata, ta haɗa ɓangare da ɓangare, don mai in yana gudu da ƙarfi yakan tara wuta a jikin ƙarfe, wayar ce ke janye ta kada ta yi tartsatsi. Gaɓa biyu babu wayar. Hannun wanda ya yi aikin bai kai wurin ba, sai ya bari. Bututun kuma ya jingina da bakin bangon ƙarfen, wanda girgizar jirgi za ta sa ya ci shi a hankali.

Na fito na faɗa wa Muhandis. Ya ce an duba an sa hannu, in koma in shafa danƙona. Na sake yi masa bayani da sunayen abubuwan yadda suke a littafi. Ya dube ni a gaban mutane, ya ɗaga katin da ke wuyana ya karanta da ƙarfi, ya ce mai shara ba ya koya wa injiniya aiki.

A mota Idi ya ce in rufe bakina. Ya ce shi ma ya sha ganin abubuwa a ciki, amma yara huɗu gare shi a Maraɗi, kuma jirgin ba na ubansa ba ne. Na ce masa mutane ne za su hau shi, da wani jirgin manne a bayansa, mai na gudu tsakaninsu. Ya ce:

"Malam Haladu, su wa za su tuna da kai in ya tashi lahiya? In kuma ka hwaɗi, su wa za su manta da kai?"

Kwana biyu ina jan ƙafa da aikin. A na uku wani hafsan soja mai duba aiki ya zo zagaye, dattijo mai furfura a gemu. Na ajiye wuƙar robata na tare shi. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni inda na koyi aiki, sannan ya sa aka zura kyamara a cikin fiffiken. Ya ga abin da na gani. Aka dakatar da komai, aka buɗe fikafikan jiragen uku, aka sami irin wannan a wurare da dama. Hafsan ya kama hannuna ya ce Allah ya saka. Ban ƙara ganinsa ba. Rahoton da aka manna a allon sanarwa ya ce sashen Muhandis ne ya gano matsalar a binciken da ya saba yi.

Aikin ya koma baya da mako shida, kuma a kanmu aka fanshe. Aka soke hutun Juma'a. Awa uku ta koma huɗu. Muhandis bai ƙara yi mini magana ba, sai dai duk ɗakin da ya fi nisa da matsi ni ake tura wa. Sauran 'yan ɗakinmu suka daina amsa gaisuwata da daɗi, suna cewa iyayina ne ya ja musu. Idi kaɗai bai canza ba. Yakan ce dai, ai ya faɗa mini.

Bayan an gyara, aka cika jirgi na farko da mai don gwaji, sai aka ga yana tsattsafo daga can ƙarshen fiffiken hagu. Dole a zuƙe man a sake shiga. Ƙa'ida ita ce a bar injin hura iska ya yi ta aiki yini da kwana, sannan a auna tururin da na'ura kafin mutum ya shiga. Da safe aka zuƙe, bayan azahar Muhandis ya ce a shiga, manya za su zo kallon gwaji jibi. Na ce ba a auna ba. Ya ce an auna ina salla. Tiyon da ke kawo iska mai kyau zuwa takunkumi kuma ba ya kaiwa ɗaki na ƙarshe, sai dai a sa ƙaramin takunkumi mai matata, matatun kuwa an yi makonni ba a sauya su ba.

Layina ne. Kwana uku ina tari, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Ina ɗaura takunkumin Idi ya karɓe shi daga hannuna, ya ce in na shiga da wannan tarin sai dai a jawo ni da igiya, shi kuma ba shi da ƙarfin jan tsoho. Ya ce in biya shi da shayi. Ya tura hannu da kai ya shige.

Ina kiransa yana amsawa. Ya ce ya ga wurin, ƙusa ɗaya ce. Na sake kira ya amsa, amma muryar ta yi nauyi, ya ce wani abu game da rijiya wanda ban gane ba. Na ce ya fito. Kira na gaba shiru. Na ƙwala wa mutane kira, na shiga ba takunkumi, don babu wani a kusa. Bango huɗu ne tsakanina da shi. Na same shi kife, takunkumin na fuskarsa. Mutumin da ya suma ba ya murɗa kafaɗa, sai kai ka murɗa masa, a kowace huda, kana ja da baya, kanka na juyawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na san dai a huda ta ƙarshe wasu hannuwa suka kama ƙafafuna, na farka a kan siminti ana zuba mini ruwa. Idi bai kai asibiti ba.

Kwana biyu na yi a gadon asibiti. Ranar da aka sallame ni magatakardan kafili ya zo da kansa ya kai ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo shayi. Sannan ya turo mini takarda. An rubuta cewa marigayin ya shiga tanki ba da izini ba, kafin a gama hura iska, kuma ya cire takunkuminsa a ciki. Ni ne shaida, saura sa hannuna. Na ce ƙarya ce, ba zan sa ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ra'ayina ne, amma in sani ba za a ba da gawa ba sai an rufe fayil. In maganata ta saɓa da rahoton kamfani, bincike sabo za a buɗe, wata shida ko shekara, Idi na cikin firji. Ya ce in je in yi tunani.

Na koma Misfala na zauna. An karɓe katin shigata sansani, ba fasfo a hannuna, ba inda zan kai ƙara da harshen da za a saurare ni. Da safe 'yan ɗaki su tafi, in rage ni da gadon Idi, da bargonsa a naɗe, da butar shayinsa. Ta taga ina kallon alhazan umra suna gangarawa Harami cikin fararen harami, suna ɗaukar hoto. Bakur yakan biyo da yamma da abinci daga Hajiya. Ya kai ni wurin wani da ya san doka, mutumin ya ce ina da gaskiya, amma shaida ɗaya ne ni, na'urar awo da littafinta suna hannun kamfani, igamata kuma ta mai shara ce, wa zai karɓi maganata a kan tururin mai. Ya ce in takardar ta tabbata, iyalin Idi ba su da diyya. In ban sa hannu ba kuma, wataƙila su samu, wataƙila ba su samu ba, bayan shekaru.

Dattawan mutanen Nijar da ke unguwar Nakkasa suka aiko a kira ni. Na hau tudun nan a ƙafa, rabin unguwar an rushe, gidaje a buɗe kamar an yanka su da wuƙa. Suka zaunar da ni a tabarma suka yi mini nasiha da taushin murya. Suka ce haƙƙin mamaci a gaggauta shi, kamfani ba a ja da shi, kowa a nan ya haɗiye irin wannan. Na ce musu yara huɗu ya bari. Suka ce Allah ne mai ciyarwa. Na tashi na koma masauki.

A kwana na goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. Mahaifin Idi ne. Muryar tsoho ce. Ya yi mini godiya, ya ce an faɗa masa ni na shiga na fito da ɗansa. Sannan ya ce an ce wata takarda ce a hannuna ta hana a rufe shi. Ya ce tun da abin ya faru uwar Idi ba ta cin abinci, kullum tambayarta ko an sa shi a ƙasa.

"Ɗana, ban san mi ke cikin takardar ga ba. Amma don Allah ka bar shi ya kwanta. Sanyi gare shi tun yana yaro."

Na buɗe baki in yi masa bayanin diyya, sai na ji yana kuka. Na ce to, Baba.

Washegari na sa hannu. Magatakardan ya nuna mini wurin da yatsa, ya busa tawadar, ya ce na yi abin da ya dace. Kafin la'asar an ba da gawa. Ni da Bakur da dattawan Nakkasa muka yi masa wanka. Har a lokacin, bayan kwana goma sha biyu, da ruwa ya taɓa gashin kansa warin man ya taso. Aka sallace shi a Harami washegari bayan azahar, tare da wasu gawawwaki, dubban mutanen da ba su san shi ba suka yi masa addu'a. A maƙabarta ni na shiga ramin na karɓi kansa. Duk wanda ya yi mini gaisuwa sai ya ce Idi ya yi sa'a, ya mutu a Makka. Na ji wannan magana har na fara tsanar masu faɗinta.

Mako biyu bayan haka aka kira ni ofis aka miƙo mini fasfo da takardar fita ta dindindin. An ce ƙirjina bai dace da aikin ba. Na je na yi wa Hajiya Sa'a sallama. Na faɗa mata abin da na sa wa hannu, don ban iya ɓoye mata ba. Ta ce ita ba za ta ce na yi daidai ba, ba kuma za ta ce na yi kuskure ba, amma kada in bari matarsa ta ji daga bakin wani. Bakur ya kai ni Jidda. A hanya ya ce jirgi na farko ya tashi ya shayar da jirage biyu a sama lafiya lau, an yi walima a rumfar da shinkafa da raguna, an ba Muhandis lambar yabo. Shi ya kwaso tukwanen a motarsa.

Na yi wata guda a gida ban iya faɗa wa Rabi komai ba sai cewa kwangila ta ƙare. Sannan na hau mota zuwa Katsina, na tsallaka Maraɗi. Gidan ƙasa ne a bayan gari, injinan ban ruwa biyu da suka yi tsatsa a jingine a ƙofar gida. Mahaifin Idi ya tare ni a zaure, makaho ne ashe, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Ya laluba ya kama hannuwana ya riƙe, ya ce waɗannan ne suka sa shi a kabari. Na ce su ne. Na ce kuma su ne suka sa hannu a kan ƙarya, na kwashe komai na faɗa masa, daga wayar da na gani a fiffike har zuwa diyyar da ta salwanta. Bai saki hannuna ba. Ya ce shi ya roƙe ni, in da laifi nasa ne, ya yafe duniya da lahira.

Sai wata murya ta fito daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Zainabu ce, matar Idi, ashe tana tsaye tun farko.

"Baba ya yahe, shi uba ne. Ni ba a tambaye ni ba."

Tsohon ya kira sunanta yana so ya tsawatar, ta ce ya yi haƙuri, magana ɗaya za ta yi. Ta ce ita ba kuɗi take nema a wurina ba, ta san ba ni da su. Amma a can an rubuta mijinta wawa ne da ya kashe kansa da ganganci, kuma wata rana yaransa za su girma su ji. Ta miƙo littafin makarantar babbar 'yarta da biro ta ƙarƙashin asabarin.

"Malam, abin da ka hwaɗa ma Baba yanzu, ka rubuta shi duka. Ka sa sunanka da hannunka, kamar yadda ka sa musu."

Na zauna a zauren nan na rubuta shafi shida, da Hausa. Na rubuta cewa ba a auna tanki ba, an ba shi izini, takunkuminsa na fuskarsa lokacin da na same shi, kuma layina ne ya karɓa saboda ina tari. Na sa hannu na tura mata. Na ji tana cire shafukan daga littafin a hankali, tana ninkewa. Ba ta yi godiya ba, ban kuma sa ran za ta yi ba. Can aka turo mini kwanon fura, na sha, na yi wa tsohon sallama, na kama hanyar tasha tun rana ba ta yi sanyi ba.